Ta tashi daga sanƙarau, ba a duba kunnenta ba: nazarin lamarin wata yarinya a ƙasar Gumel

Lamarin da zan shimfiɗa a nan na wata yarinya ce 'yar shekara huɗu da 'yan watanni, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, arewacin Jigawa, wadda sanƙarau ya kwantar a bazarar 2023. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Sai dai an shafe fiye da wata huɗu da sallamarta daga asibiti kafin a gwada jinta, alhali ƙa'ida ita ce kada a wuce mako huɗu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin da mutanen ƙauyen ke zuwa. Iyayenta sun amince in ba da labarin, da sharaɗin ba sunanta, ba sunan garinsu.

Wanda ya zauna a yankinmu a waccan shekarar ba sai an tuna masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Najeriya daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, mutum 124 suka rasu. A cikin adadin nan 1,252 'yan Jigawa ne, kuma inda abin ya fi ƙamari shi ne Maigatari da Sule Tankarkar, daura da iyakarmu da Damagaram, inda su ma cutar ke ci a lokacin. Ga zafi, ga ƙura, ga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, sannan azumi ya kama a ƙarshen Maris.

Ciwon da sallamar

Da zazzaɓi ta fara, ranar da aka kai azumi na uku ko na huɗu. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, kamar yadda kowa ke yi. Washegari ta kama amai, tana kuka da kanta, ba ta son haske. Da dare ya raba sai jijjiga, wuya ya sanƙare. Kafin asuba mahaifinta ya goya ta a bayan mashin, kakarta na riƙe da ita, sai babban asibitin da ya fi kusa da mu. An ɗebi ruwan bayanta, ya fito a gurɓace, aka sa mata allurar seftiriyazon ta jijiya, mai kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa. Kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. A na uku ta buɗe ido, bayan mako guda da 'yan kwanaki aka sallame su.

Na ga takardar sallamar. An rubuta sunan ciwon, da maganin da aka ba ta, da cewa ta samu sauƙi. Babu kalma ko ɗaya a kan kunne, kuma ba wanda ya ce musu su dawo. Ba na ɗora wa ma'aikatan wurin laifi kai tsaye, domin na san yadda ɗakunan suka cika a makonnin nan, ana sallamar wanda ya iya zama don a kwantar da wanda ke shiɗewa. Amma gaskiya ɗaya ce: a wurinmu, da zarar yaro ya sha kunu ya taka ƙasa, mun ɗauka an gama da sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na bakteriya, ɗaya yakan fita da wata larura mai ɗorewa, kuma raunin ji na kan gaba a cikinsu. A yara, kusan ɗaya cikin goma ne ke rasa ji, kaɗan ko duka. Idan ƙwayar nimokokas ce ta haddasa ciwon, wato wadda ke kawo ciwon huhu, abin yakan kai kusan uku cikin goma.

Abin da aka gani a gida

Yarinyar 'yar fari ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a labarin. Uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta zama ta yi hira da ita, tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta take kwana. Uwar na ganinta kullum a tsakar gida, amma alkunya ta hana irin mu'amalar da za ta sa ta gane cewa ana magana ba a amsawa. Mahaifin kuwa yana fita da safe, sai magariba. Saboda haka mutum ɗaya ne a gidan ke yi wa yarinyar magana daga safe har dare, ita ce kakar.

Farkon abin da suka lura da shi tangaɗi ne. In ta tashi tafiya sai ta riƙa dafa bango, da duhu ya yi kuma sai faɗuwa. Kowa ya ce rashin ƙarfi ne na wanda ya sha jinya a watan azumi, aka dage da ba ta kunun gyaɗa da nono. Tangaɗin ya ragu a hankali, shi ya sa ba wanda ya sake tunawa da shi. Nan ne aka fara kuskuren fahimta, domin sashen da ke riƙe wa mutum daidaiton tsayuwa a cikin kunne yake, manne da sashen ji, ruwansu ɗaya. Yaron da ya tashi daga sanƙarau yana tangaɗi, a fara zargin kunnensa.

Sai shirun. Yarinya ce mai surutu, mai kwaikwayon masu talla, sai ga ta tana zama gefen rumbu ita kaɗai. A aike ta ɗauko ludayi ta tsaya tana kallon mutum. Matar wan mahaifinta ta ce shagwaɓa ce, an lalata ta da lallashi a asibiti, ta koyi kunnen ƙashi. Ta sha tsawa, ta sha ranƙwashi. Da aka mayar da ita makarantar allo bayan Sallah, malamin ya aiko cewa ba ta biya karatu, sai dai ta bi bakin sauran yara da ido. Wasu suka ce ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, wasu suka ce iska ce, tunda da jijjiga abin ya zo. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Wani kuma ya ba da shawarar a ɗiga mata man zaitun a kunne.

Kakar ce ta fara furta kalmar kurumta, mahaifin ya ƙi yarda. Don ya kashe maganar sai ya lallaɓa ta bayan yarinyar tana zaune a tabarma, ya saki faranti a ƙasa. Ta zabura ta waiwayo. Ya ce, "Kin gani ko, Iya? Ras take ji." Wannan gwajin faranti, da tafi, da buga ƙofa, su suka fi ɓata mana lokaci a ƙauyuka. Ƙarar faranti tana da ƙarfi ƙwarai, ga girgizar da ke bin ƙasa ta shiga jiki, ga iska, ga inuwar mutum. Yaron da kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ya rage rabi, tsaf zai waiwayo. Jin faɗuwar faranti daban, rarrabe "sha" da "sa" daban. Magana ana gina ta ne da ƙananan sautuka marasa ƙarfi irin su s da sh da f da ts, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa.

Ranar da suka zo wurinmu

A tsakiyar Mayu kakar ta kawo ta, ba da sanin ɗanta ba, ta fake da cewa za ta karɓi maganin hawan jininta. Abin da ya taso ta shi ne wani ɗan acaɓa da ya kusa take yarinyar a bakin hanya. Ya yi ta danna oda ta bayanta, ita kuwa ta juya wani gefen daban tana neman inda ƙarar take.

Ta zauna a benci ta ce, "'Yar nan, kishiyar tawa fa ta daina amsa ni."

Na ce, "Iya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun da muka baro asibiti. In ina gabanta, ta ga bakina, sai mu yi zance. In na ba ta baya, ko na kira ta daga ɗaki, shiru. Da dare in na kashe fitila kuwa sai kuka, ta riƙa lalubar fuskata."

Na haska kunnuwan biyu. Babu datti mai toshewa, babu mugunya, dodon kunnen lafiya lau. Wannan da kansa ya ƙara tayar mini da hankali, domin da toshewa ce ko ruwa, da da sauƙi. Sai na sa kakar ta zauna gabanta tana nuna mata ƙwallayen goruba, ni kuma na koma bayanta kamar taku biyu, inda ba ta ganina, inuwata ma ba ta faɗa mata. Akwai sautuka shida da masu aikin ji ke amfani da su, domin sun ratsa magana daga mai kauri zuwa siririya: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Na furta su ɗaya bayan ɗaya da murya irin ta hira. Ta gefen dama ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Ta gefen hagu, da na matso na ɗaga murya, ta juyo a kan aaa da uuu. Shhh da sss kuwa kamar ban yi ba.

Wannan ba shi ne gwajin ji ba, manuniya ce kawai. Amma ya ishe ni in rubuta takardar tura su sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Kano, in kuma nemi ganin mahaifin.

Me ya sa ake cewa mako huɗu

Can ƙuryar kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani ɗan bututu a naɗe wanda za mu kira katantanwar kunne. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike yake da ruwa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa ruwan katantanwar da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wanda a cikinsa sanƙarau ke yin ɓarnarsa. Ta nan ƙwayoyin cutar da gubarsu ke kutsawa. Kumburin da ya biyo baya yana kashe ƙwayoyin nan masu gashi, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Yawanci ɓarnar tana faruwa ne tun a kwanakin farko na ciwon, yaro na kwance ba ya cikin hayyacinsa. Wato mai yiwuwa tun kafin yarinyar nan ta buɗe ido a asibiti jinta ya riga ya tafi.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan kumburin, a wasu yaran ruwan katantanwar yakan fara zama tsoka-tsoka mai tauri, daga nan ya zama ƙashi. Wannan na iya somawa cikin mako uku zuwa huɗu, ya ci gaba tsawon watanni. Kamar siminti ne da aka zuba a bututu: yana ɗanye ana iya zura waya, in ya kama kuwa sai dai haƙuri. Wayar da nake nufi ita ce ta na'urar ji da ake dasawa da tiyata, wadda ake zura siririn zarenta cikin katantanwar don ta taɓa jijiyar kai tsaye. Ita ce babbar hanyar dawo da ji ga wanda kunnuwansa biyu suka mutu sarai, kuma in ƙashi ya cike hanyar, aikin yakan yi wuya ko ya gagara. Shi ya sa a Birtaniya ƙa'idarsu ta ce a gwada jin duk yaron da ya yi sanƙarau na bakteriya, in da hali kafin a sallame shi, in ba haka ba cikin mako huɗu da samun ƙarfin da za a iya gwada shi, kuma wanda aka samu da kurumta mai tsanani a tura shi wurin masu dashe da gaggawa. A Afrilun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan gano sanƙarau da jinyarsa, ita ma ta tsaya a kan gwajin ji kafin sallama ko cikin mako huɗu bayanta.

Da mahaifin ya zo, tambayarsa ta farko ba a kan kunne ba ce. Ya ajiye katin rigakafinta a tebur ya ce, "Malama, ba ku kuka ce in an yi allurar nan ba ta kamuwa ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Katin a cike yake. An yi mata Penta, wadda ke ɗauke da kariya daga Hib, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, an yi mata ta nimokokas, an kuma yi mata ta sanƙarau a wata tara, wadda aka shigar cikin rigakafin yau da kullum tun 2019. Amma ƙwayar sanƙarau nau'i-nau'i ce, kuma wannan ta ƙarshen daga nau'in A kaɗai take karewa, wanda ya haddasa annobar 1996 da ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a ƙasar nan. Ta yi aikinta, nau'in A ya kusa ɓacewa. Wanda ya addabe mu a 2023 nau'in C ne, shi ne kuma ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. A lokacin da muke wannan magana ba a kawo allurar da ta haɗa nau'i biyar ba, A da C da W da Y da X, sai a Maris na 2024 aka fara yin ta, Najeriya ce ƙasar farko a duniya, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Ya saurara har na gama, ya mayar da katin aljihu, ya ce za su je Kano.

Tafiyar Kano

Ba su tafi a watan ba. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Ruwa ya sauka, aka shiga shuka da noman farko, ɗan abin da ke hannu ya tafi a taki. Tafiyar da ta haɗa mutum uku, da abinci, da kuɗin kati da na gwaji, ba abin da manomin gero zai yanke a tsakiyar damina ba ne. A tsakanin nan aka ci gaba da sayen maganin ɗigawa a kemis, wanda ba ya ko kusantar inda ciwon yake. Abin da na roƙe su kawai shi ne kada su bari a yi mata allurar jentamaisin ba da umarnin likita ba, domin tana cikin magungunan da ke iya ƙarasa ɗan jin da ya rage.

Sai a Agusta mahaifin ya kai tunkiya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, muka tafi a makon da ya biyo.

Gwaji uku aka yi mata. Na farko, aka sa wata 'yar roba a bakin kunnen, na'ura ta auna motsin dodon kunne. Lafiya, babu ruwa a bayansa. Na biyu shi ma roba ce, amma wannan tana aika ɗan sauti ciki ta saurari amsa-kuwwar da lafiyayyar katantanwa ke mayarwa. Kunnuwan biyu babu wanda ya amsa. Na ukun shi ne na ɗaki mai rufi wanda ƙarar waje ba ta shiga. Aka ɗora ta a cinyar kakarta, aka sa mata abin saurare a kai, aka ajiye mata bokiti da 'yan katakai masu launi. Ma'aikaciyar ta kama hannunta ta nuna mata: ki riƙe katako a kunne, in kin ji ƙara ki jefa a bokiti. Sau uku aka nuna mata ta gane. Da aka fara da hagu sai ta yi tsit, idonta a kan bokitin, can ta jefa, ta dubi kakar tana dariya. Aka yi ta rage ƙarar ana canza kaurinta har aka gano iyakarta. Da aka koma dama ta riƙe katakon har hannunta ya gaji, ta sauke da kanta.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa wajen 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60. Kunnenta na hagu ba ya fara ji sai an kai 60 zuwa 70, kuma ya fi rauni a siraran sautuka. Na dama ko a sama da 90 bai amsa ba. Ma'ana, hirar da ake yi a tsakar gidansu tana tsayawa ne daidai bakin iyakar jinta, sai ɗan gunji-gunji ke isa gare ta. Likitan ya ce kunnen hagu zai amfana da na'urar ƙara ji ta maƙalawa. Na dama sai dashe, wanda ke buƙatar a fara ɗaukar hoton cikin kai don a ga ko ƙashi ya shiga, kuma kuɗinsa miliyoyin naira ne. Mahaifin bai ce komai ba a kan wannan, ba a kuma ɗauki hoton ba.

Ga jarirai da yaran da ba za su iya wasan bokiti ba akwai wani gwajin, wanda ake manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yaro na barci, na'ura ta karanta yadda jijiyar ji ke amsawa. Ina ambatonsa ne don kada a ce yaro ya yi ƙanƙanta da gwaji. Jariri ɗan kwana bakwai ma ana gwada shi. Su ne ma suka fi shiga haɗari, domin jaririn da ya kurumce a wata shida ba mai ganewa sai ya shekara biyu ba ya cewa baba, a ce ai nauyin baki ne, ya gado.

Amfanin gwaji ga wanda ba shi da kuɗin dashe

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini wannan maganar mako huɗu ta ƙasashen masu kuɗi ce. Tunda talakan Jigawa ba zai iya dashe ba, me ya sa za a wahalar da shi zuwa Kano don a faɗa masa abin da ba shi da magani? Na fahimci inda ya dosa, amma ban yarda ba, kuma yarinyar nan ce hujjata.

Ba kowane yaro sanƙarau ke kashe wa kunne biyu ƙurmus ba. Da yawa irinta ne, akwai sauran ji a gefe ɗaya ko duka biyun, kuma faranti ba zai nuna maka ko nawa ya rage ba. Yarinya 'yar shekara huɗu ta riga ta iya Hausa, amma maganar ba ta gama zama daram ba. In ta daina jin kanta da jin mutane, maganar takan fara zubewa. A wata huɗun nan na ga haka da idona: muryarta ta yi sama ba hawa ba sauka, shinkafa ta koma "inkafa", ƙarshen kalmomi ya guntule, ta daina haɗa dogon zance. Da an sa mata na'ura a Mayu, da ba a kai nan ba. Sannan ga ranƙwashin da ta sha a kan laifin da ba ta yi ba, ga mashin ɗin da ya kusa hallaka ta. Ranar da aka dawo da takardar gwajin, matar wan mahaifin nata ta shiga ɗaki ta yi kuka. Tun daga ranar ba wanda ya sake ɗaga mata hannu a gidan. Ko da wannan kaɗai gwajin ya saya, ni a wurina tunkiyar ba ta tafi a banza ba.

Kuma ko yaron da ya rasa ji gaba ɗaya, sanin hakan da wuri yana ba shi harshe. Maganar hannu ta kurame a ƙasar Hausa tsohon abu ne, cikakken harshe ne da ake ciniki da shi, ake faɗa, ake wa'azi. Yaron da aka fara yi wa ita yana ƙarami, hankalinsa na girma daidai da na tsaransa. Wanda aka bari shekara biyar ana jiran bakinsa ya buɗe, shi ne ake cuta. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, akwai ta masu raunin ji a Haɗeja, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Iyaye ba za su nemi ko ɗaya daga ciki ba muddin suna ganin iska ce ko taurin kai.

Bayan haka

An sa mata na'urar bayan kaka, da aka sayar da riɗi, 'yan uwa da ke Kano suka cika. An ɗauki ma'aunin kunnenta aka yi mata abin toshewa daidai da shi, aka saita ƙarfin na'urar bisa sakamakon gwajinta. Wannan ya bambanta da 'yan na'urorin da ake tallarsu a kasuwa, masu ƙara kowace ƙara ba bambanci, waɗanda ke iya ƙara lalata kunne. Wahalarta ba kaɗan ba ce. Batirin yakan ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, kuma ba a samunsa a kusa, sai an yi saƙo. Ƙurar hunturu na toshe ta, gumin bazara na shiga cikinta. Abin toshewar yana yin sako-sako yayin da kunne ke girma, na'urar ta kama fito, sai an sake wani. Kakar ce ke riƙe da ita, kowane dare ta goge ta ta sa a gwangwani mai murfi, kowace safiya ta tsaya bayan jikarta ta yi mata sautukan nan shida don ta tabbatar tana aiki.

Mun kuma zauna da mutanen gidan a kan yadda za a yi mata magana: a zo ta gabanta ko ta hagunta, fuska a haske, murya a sarari ba ihu ba, a kashe rediyo. Malamin allo ya dawo da ita gabansa ta gefen da take ji. Da uwar na keɓe na ce mata, "Na san al'ada, ba kuma na ce ki kira sunanta a gaban surukai ba. Amma yarinyar nan tana buƙatar bakin da zai yi mata magana fiye da ɗaya." Ba ta amsa ba, ta sunkuyar da kai. Daga baya kakar ta gaya mini cewa in gidan ya yi shiru takan jiyo su a madafi, uwar na faɗa mata sunayen kayan miya tana maimaitawa.

An sake gwada ta bayan wata shida, domin ji bayan sanƙarau yakan iya ƙara raguwa, wani lokacin kuma ya ɗan farfaɗo. Na hagun yana nan yadda yake. Maganarta ta dawo sosai, ko da yake sss da shhh har yanzu sai an tuna mata.

A asibitinmu yanzu duk yaron da aka dawo da shi daga jinyar sanƙarau muna rubuta shi a littafi daban, da ranar sallamarsa da ranar da mako huɗu zai cika. Muna ba da takardar zuwa gwajin ji tun ranar farko, ko iyaye sun ce yana ji, muna kuma sanar da mai unguwa don ya taya mu tuni. Muna tambayar tangaɗi, da jijjiga, da gani, da canjin hali. Abin da ba mu da shi shi ne na'urar gwajin kanta. Ta amsa-kuwwar nan ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu, da batir take aiki, ma'aikacin jinya na iya koyonta cikin ɗan lokaci. Ba ta wadatar ita kaɗai bayan sanƙarau, dole a bi ta da cikakken gwaji, amma da akwai ta a kowane babban asibiti da ke karɓar masu sanƙarau a bazara, da yaro irin wannan ba zai bar gadon asibiti ba sai an san wane ne za a hanzarta da shi Kano.

Yarinyar ta isa shiga firamare yanzu, kuma gidan ya rabu biyu. Mahaifin na son a kai ta Haɗeja, inda malamai suka san aikin kuma za ta koyi maganar hannu. Kakar ta ce ba mai raba ta da ita, kuma wa zai kula da na'urar a can. Shawarar da na bayar ita ce a fara da makarantar garin, a zaunar da ita a layin gaba, a nemi wani kurma babba da ke ƙauyen maƙwabta ya riƙa koya wa ita da yaran gidan maganar hannu, sannan a duba karatunta a ƙarshen zango na biyu. A kan haka aka tsaya.